Kaleb, Mai Jirgin da Ba Shi da Ƙara

Da yammacin Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, ina tsakar gidanka a Kafanchan ina shanyar citta, sai wayar matarka Mildred ta yi ƙara. Ta ɗauka tana dariyar wata magana da na faɗa, ta saurara, sai na ga ta zauna a ƙasa ba tare da ta nemi kujera ba. 'Yan bindiga sun tare ku a hanya, kuna dawowa daga wani ƙauye a bayan Fadan Kagoma, inda ka je nuna wa yara fim. Sun kashe ka, Kaleb Kambai, ƙanin mijina, wanda ya zame wa marainiyata uba, mutumin da na fi kowa yi wa tsiya a duniya.

Ni Hulda ce, matar wanka Nelson. Tun ranar da aka kawo ni gidanku kake kirana "matarmu", ni kuma ina kiranka maigidan da ba ya cefane. Kana da takardar koyarwa a hannu, amma ka zauna gaban kwamfuta kana zana jirgin sama mai ido da baki. Na sha gaya maka cewa namiji da gemunsa ba ya wasan yara. Kai kuma sai ka yi murmushi ka miƙo kwano in ƙara maka tuwo.

Daga wannan zaman ne Ɗan Citta ya fito, katun ɗinka na farko. Ƙaramin jirgi ne ruwan ɗorawa, yana ɗaukar buhunan citta daga Kwoi zuwa bakin teku, yana atishawa duk lokacin da yajin kayan ya shiga hancinsa. Kai da abokinka Chidi, wanda kakansa ya zo garin nan aikin reluwe, kuka ɗaura majigi da ƙaramin janareto a bayan babur, kuka ninke farin zanin gado ya zama allonku, kuka bi majami'u da makarantu. Yara suka haukace. A kasuwa ma sai ka ji yaro ya buɗe hannuwa yana gudu yana atishawar ƙarya. Wani mai sharhin finafinai a rediyo, Azariya, ya ce ba a taɓa yin irinsa a ƙasarmu ba. Da yake ba ka da jirgin da za ka ɗauki ƙararsa, sai ka kara wayarka a salansar babur ɗin Chidi, ita ce ta zama muryar Ɗan Citta. A lokacin kowa ya ce dabara ce.

Sai aka shigo ƙauyenmu. Da rana tsaka suka zo, a kan babura, lokacin da maza suke gona. Abin da muka fara ji ke nan, rugugin babura daga bayan tudu, kafin harbi. Nelson ya baro gona a guje don ya same mu. A bakin rijiya suka cim masa. Sun harbe shi a ciki, ya faɗi, ya yunƙura zai tashi, suka sare shi da adda a wuya da kafaɗa har ya daina motsi. 'Yata Tamar tana cikin rumbu inda na cusa ta, tana leƙe ta wata 'yar kafa. Sun cinna wa gidaje wuta da tsofaffi a ciki. Da suka tafi na ciro ta, idonta a buɗe, bakinta a rufe. Yarinyar da a da sai na roƙe ta ta yi shiru a sujada, daga ranar ba ta sake cewa uffan ba. Ba ta kuka da murya, ba ta dariya, ko tari sai ta toshe baki.

Aka tara mu a wata makarantar firamare, muna kwana a azuzuwa. Kai ka wanke gawar wanka da hannunka. Bayan an kwana biyu ka zo da majigi, don ka ga yaran sun zauna jugum kamar tsofaffi, ka ce bari su ɗan yi dariya. Aka rataye zanin, aka tara su. Ɗan Citta ya bayyana, wasu har sun fara murmushi. Sai ya tayar da injinsa, lasifika ta cika ajin da ƙarar babur.

Ban taɓa ganin irin wannan gudu ba. Yara suka tattake juna a ƙofa, wasu suka faɗa ta taga, wani yaro ya karye a hannu, ƙashin ya huda fata. Uwaye suka fito suna ihu suna neman hanyar daji. Tamar muka samu a ƙarƙashin benci, ta yi fitsari a jikinta, ta ciji leɓenta har jini ya sauko mata a haɓa. Ka kashe janareton, ka tsaya a tsakiyar ajin da babu kowa. Abin da ka ce mini kawai shi ne, "Matarmu, ni na kawo musu mutanen nan kuma." A makon ka kwashe mu ka kai gidanka, Mildred ta ba mu ɗakin da take ajiye kayanta.

Wata da watanni ba ka fita da majigi ba. Da ka fito, da kashi na biyu ka fito, Ɗan Citta Ya Dawo. A cikinsa jirgin ya dawo gida ya tarar da ƙauye yana hayaƙi, harsashi ya fasa masa inji, ga masu rauni kwance suna jiran wanda zai kai su asibiti. Farfelarsa tana juyawa, amma babu sauti ko kaɗan. Ka cire ƙarar gaba ɗaya. A daidai wurin sai ka tsayar da hoton, ka fito gaban zanin ka ce wa yara, "Ɗan Citta ba shi da inji. Wa zai ba shi aro?" Sai ka rufe baki ka fara gunji ta hanci a hankali, su kama. Sai ƙarar ta yi ƙarfi kake sakin hoton, jirgin ya tashi. Ka gaya mini cewa ƙarar da yaro ya yi da bakinsa ba za ta kore shi ba.

Abin da aka yi wa fim ɗin nan, har yau in na tuna raina yana tafasa. Azariya ya kalle shi shi kaɗai a wayarsa, babu yaro ko ɗaya kusa da shi, ya hau rediyo ya ce sauti ya lalace, aikin gaggawa ne, kashi na biyu bai kama ƙafar na farko ba. Masu rubutu a Fesbuk suka ɗauka, suka laƙaba masa Jirgin Bebe. Wani dattijon ikilisiya ya ce ba daidai ba ne a nuna wa yara gidaje suna cin wuta, kamar dai a allo yaranmu suka fara ganin haka. Yaran cikin gari, waɗanda ba a taɓa kora daga gida ba, suka ce sun fi son na atishawa.

Mafi muni a Zonkwa aka yi. Samari suka cika wurin, da yawansu sun binne iyaye ko 'yan'uwa. A ƙarshen fim ɗin, Ɗan Citta yana wucewa ta kan maharan suna gudu a daji, bai sakar musu komai ba, ya nufi asibiti da masu rauni. Wani ya miƙe ya ce, "Wannan jirgi matsoraci ne. Me ya sa bai ƙone su ba?" Dutse na farko ya huda zanin. Na biyu ya same ka a gira, fatar ta tsage har ƙashi ya bayyana, jini ya rufe maka ido. Suka kifar da benci, suka yi wa Chidi dukan da ya kwana biyu ba ya iya juya wuya. Da kuka dawo, ni na riƙe fitila Mildred tana goge maka ciwon. Na ce maka ni ma ina bayan samarin nan, na so jirgin ya yi musu ruwan wuta, kuma har yanzu da nake rubutun nan ina so. Ka ce, "Matarmu, in ya tsaya ƙone su, waɗanda ya ɗauka za su mutu a hanya." Mildred ta ɗinke zanin da baƙin zare, don shi ne a gida, tabon ya zauna a gefen sama.

Ba ka canza ƙarshen ba, ba ka mayar da ƙarar ba. Ka bar cikin gari, ka koma bin sansanonin 'yan gudun hijira da ƙauyukan da aka ƙona. A can fim ɗin ya sami mutanensa. Na gani da idona, yara sun cika majami'ar da ba ta da rufi, suna gunji har ƙirjin mutum yana rawa, jirgin ya tashi, suka yi tsalle suna tafi. Babu wanda ya gudu. Uwaye suna kuka a baya, wasu suna taya su.

Duk inda yake kusa, da Tamar kake zuwa. Kana zaunar da ita a gaba. Kowa yana gunji, ita tana kallon zanin, bakinta a ɗinke. In an tashi sai ka tsuguna a gabanta ka ce, "Tamar, ka ga yau jirgin ya tashi da ƙyar? Saura injin mutum ɗaya." Ba ta amsawa. Likita ya ce a ba ta lokaci, fasto ya yi addu'a, 'yan zumuntar mata sun yi azumi. Ni na fara fid da rai, na fara koyon magana da ita da hannu. Kai ka ƙi. Kullum sai ka ce mini, "Muryar tana nan, matarmu. Tsoro ne ya zauna a kai." Hanya mai nisa kaɗai ce ba ka yarda ka ɗauke ta, shi ya sa ran Talatar nan tana gida.

Chidi ya ba mu labari a gadon asibiti, da harsashi a cinyarsa. Sun fito daga cikin ciyawa a wata kwana, suka buɗe wuta. Babur ya kife. Shi ya gangara cikin kwari, kai kuma janareton ya danne maka ƙafa. Suka buɗe akwatin majigin suna zaton kuɗi ne, da suka ga ba shi ba ne suka farfasa shi da gindin bindiga. Sannan suka juyo kanka. Ka ɗaga hannu ka kare fuska, addar ta raba hannun dama, hannun da ya zana Ɗan Citta. Suka harbe ka a ƙirji suka tafi. Chidi ya ja ciki ya hauro, bai sami abin rufe ka ba sai zanin. A cikinsa na gan ka, ya jiƙe ya yi ja, baƙin zaren Mildred yana daidai goshinka.

Washegarin mutuwarka Azariya ya ce a rediyo an yi rashin gwani wanda ya riga zamaninsa. Na kashe rediyon. Ban yafe masa ba tukuna, ina roƙon Ubangiji ya taimake ni.

Ran Asabar muka kai ka ƙauye, kusa da Nelson. Kamar yadda aka saba in saurayi ko mai jama'a ya mutu, 'yan acaɓa suka taru za su raka gawa, suna murza babura don girmamawa. Har da wasu daga cikin samarin Zonkwa, aka nuna mini wanda ya fara jifa. Da ƙarar ta tashi, yaran sansani da aka kawo suka fara watsewa, Tamar ta ƙanƙame zanina tana kakkarwa. Mildred ta fito tsakiyar hanya da baƙaƙen kayanta, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Don Allah ku kashe mashin. Maigidana ba ya son wannan ƙara a gaban yara." Suka kashe ɗaya bayan ɗaya, suka sauka suna turawa da hannu.

Wurin ya yi tsit. Masu ɗaukar akwati suka sunkuya suka kama, amma suka tsaya, don mai ba da waƙa kuka ya ci ƙarfinta, ba wanda ya san da me za a tashi. A cikin shirun nan na ji wani abu yana rawa a jikin cinyata. Na zaci kakkarwar ce. Da na duba, Tamar ce, bakinta a rufe, idonta a kan akwatinka, tana gunji ta hanci. Siririyar murya ce, a dushe, tana yankewa tana dawowa. Yaron da ke kusa da ita ya kama, sai na bayansa, sai waɗanda suka gudu suka dawo suna yi. Samarin da ke riƙe da babura suka sunkuyar da kai suka shiga. Da ƙarar ta cika hanyar, aka ɗaga ka.

Kaleb, abin da ka daɗe kana jira ya zo, kana cikin akwati ba ka ji ba. Wannan ne yake cina fiye da komai. Jiya da safe ina hura wuta ta taɓa kafaɗata ta ce, "Mama, Baba Kaleb ya kai?" Na ce mata ya kai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mildred, wadda ta raba ɗakinta da mu, yau kuma muka raba takaba. Ga Mama mahaifiyarku, wadda ta binne 'ya'ya biyu a gefen rijiya ɗaya, Ubangiji ya riƙe ta. Ga dukan gidan Kambai, da Chidi da iyalinsa, Allah ya ba shi lafiya ya tashi da ƙafafunsa. Waɗanda suka yi wannan aiki na bar su da Mai Shari'a, don ni bakina ba zai iya yi musu addu'ar kirki ba yanzu. Ubangiji Yesu ya ji ƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka a wurin da babu mai gudu in ya ji ƙara. Ka gaida wanka, ka gaya masa 'yarsa ta yi magana. Ka huta lafiya, maigidan da ba ya cefane, sai mun zo. Amin.