Maɓallin Dama

Kafin in iya karatun boko, babban yatsana ne yake yi mini karatu a waya. Akwai wata manhaja ta Hausa da nake ajiye saƙonnin murya a cikinta. Ban san abin da aka rubuta a kan maɓallanta ba, amma na san mazauninsu kamar yadda na san layin masu gero a kasuwar Kaura. Na dama shi ne na saurare. Na hagu ba a taɓa shi.

A ciki akwai muryar yayana. Daga Moriki ya aiko mini ita ranar kasuwa, yana cewa ruwa ya sauka a Banga, in daina jinkirin shuka. "Kai dai kullum sai gobe," in ji shi yana dariya, shanu na kuka a bayansa. Bai dawo gida daga wannan tafiyar ba. Shekara biyu, duk lokacin da kewarsa ta taso mini, sai in danna na dama.

Wata safiya manhajar ta sabunta kanta. Launinta ya canja, ban damu ba. Na danna na dama, wani rubutu ya fito, na sake danna inda na saba. Muryar ta tafi. Mai gyaran waya ya duba, ya ce ba ta dawowa.

Abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci ke nan, da furfura a gemuna. Malaminmu ne ya gaya mini dalili. Wani babban kamfani ne ya ce tsarin maɓallan nasa ne aka kwaikwaya, zai kai ƙara. Sai masu manhajar suka juya komai.

Na ce, "Malam, ashe mazaunin abu ma yana da mai shi?"

Ya ce, "Wanda ya zauna ya tsara ai ya sha wahala. In kowa zai kwasa kyauta, wa zai sake tsarawa?"

"To maƙerin da ya fara lanƙwasa hauya fa? Da ya hana sauran maƙera, da kowane gari ka je sai hannunka ya sake koyon noma."

"Ba ka gama baƙaƙe ba, ka fara zama lauya," in ji shi.

Maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Masu kamfanin, sunansu nasu ne, tambarinsu ma nasu ne. Amma sabon da yatsana ya yi, ni na yi shi, kuma ba wanda ya tambaye ni kafin a raba gardamar.

Yanzu ina karanta abin da ke kan maɓallin dama. Baƙi huɗu ne kawai: goge. Kalaman yayana na rubuta su a littafin aji da hannuna, kafin su ɓace mini. Dariyar ce ban san yadda ake rubuta ta ba.