Shirun da Na Ara a Wurin Koci

Akwai wata yammacin Asabar a Madina da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abubuwa. Ranar ce na kai tsohon kocinmu na jami'a ya ga samarin da nake koya wa ƙwallon kwando. Na tafi ina rawar jiki ina jiran yabo, na dawo da abin da har yau yake cin zuciyata.

Ni mai haɗa magunguna ne a wani asibiti a nan Madina, na fi shekara ashirin a bakin aikin. Amma tun kafin in zama komai ɗan wasa ne ni a jami'armu ta gida Najeriya, a hannun wani mutum da duk wanda ya taɓa ƙwallo a zamaninmu ya san shi. Koci kawai muke ce masa, shi kuma da lambar riga yake kiranmu. Ba ya zagi, ba ya duka, ko murya ba ya ɗagawa. Hukuncinsa guda ne: in ka saɓa masa a fili, sai ya daina yi maka magana. Zai yi wa na kusa da kai gyara, ya wuce ka kamar bai ga mutum ba. Sau ɗaya ya yi mini, don na jefa ƙwallo daga nesa alhali ya ce in miƙa wa na ƙarƙashin kwando. Ta shiga, mun ci wasan, duk da haka ya ɗauke mini wuta. Na kasa cin abinci, na kasa karatu, daga nan kuwa ban ƙara saɓa masa ba. Tun lokacin na sa a raina cewa wannan shirun shi ne sirrin Koci gaba ɗaya.

Bayan rasuwar matata, gida ya rage daga ni sai ɗana guda, a wani ɗan bene a Harra ta Gabas. Don kada zaman ya kashe mu na tara samari 'ya'yan Hausawa na unguwa, na Kano da na Nijar da na Sudan da na Chadi, muka samu wani fili mai kwando biyu a bayan wata gonar dabino a Awali. Duk Asabar bayan La'asar muna can. Yaran suna da hannu, ba zan yi musu ƙarya ba, amma sun ishe ni. Kowa daga nesa yake son jefawa, ba mai miƙa wa ɗan'uwansa. Ka busa usur, wani yana can yana duba ko abokinsa ya ɗauke shi a waya. Ka yi musu faɗa da Hausa su amsa maka da Larabci, “tayyib, tayyib,” wato to, to, su koma su yi abin da suka ga dama. A zauren tsofaffin 'yan wasanmu na waya kullum maganata ɗaya ce: da Koci ne yake riƙe da waɗannan, da sati biyu ya miƙar da su.

Ɗana shi ne ya fi su duka taurin kai. Shekararsa ashirin da ɗaya a lokacin, ya fi ni tsawo, a nan aka haife shi. Hausa yana jin ta tsaf, amma da Larabci yake mayarwa, kuma tun da mahaifiyarsa ta rasu ba mai yi masa ita a gida sai ni. Wata rana muka yi wasan sada zumunci da samarin wata unguwa, ana gab da tashi suna gabanmu da maki biyu. Na ce masa ya shigar da ƙwallo ciki a yi kunnen doki. Ya dube ni, ya ja baya, ya jefa daga nesa. Ta shiga. Maki uku ke nan, mun ci wasan. Fili ya kaure da ihu, ya rugo wurina yana haki, gumi na zuba, yana cewa, “Baba, shuft? Ka gani?” Na ɗauki jakata na wuce mota ban ce masa uffan ba. Har wani daɗi nake ji, wai ga ni na zama Koci.

Da farko ya ɗauka wasa ne. Da ya ga kwana biyu sun zama sati, sai ya fara lallashi. Ya haɗa mini shayi da safe. Ya wanke motar da bai taɓa wankewa ba. Abin da ya fi ci mini rai in na tuna shi ne yadda ya riƙa tilasta wa harshensa Hausa, abin da na yi shekaru ina roƙonsa ya ƙi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Baba, ka kwana lafiya? Ni na yi kuskure ne?” In amsa sallamarsa kawai don kada in shiga zunubi, in ci gaba da ɗaure takalmina. Jira nake ya fito fili ya ce ba zai ƙara saɓa mini ba, shi kuma bai ma san abin da nake jira ke nan ba. Daga baya girman kai ya karɓi aikin, don duk ranar da ta ƙaru sai buɗe bakin ya ƙara mini nauyi. Haka muka kwashe wata huɗu, mutum biyu a gida ɗaya. Ran nan na dawo daga aiki na tarar da makullinsa a kan tebur da 'yar takarda da Larabci, cewa ya samu aiki a garin Yanbu da ke bakin teku, in yi masa addu'a. Ko a nan ban karaya ba. Na ce duniya ce, za ta koya masa ya dawo.

Bai fi wata biyu da tafiyarsa ba aka sanar a zaure cewa Koci ya zo Umara, zai yi kwanaki a Madina. Na same shi a masauki a kan keken guragu, ɓarin jikinsa ya shanye, 'yarsa ce ke tura shi. Amma idon nan yana nan yadda na san shi. Ya dube ni ya ce, “Lamba bakwai, har yanzu kana jefawa daga inda ba a aike ka ba?” Na yi dariya har da ƙwalla. Na roƙe shi ya zo ya ga yarana ranar Asabar.

Muka ajiye kekensa a inuwar katangar gonar. Ya yi kusan awa guda yana kallo, yara na ta shirmensu, ni ina ta busa usur ina satar kallonsa. Da suka tafi shan ruwa na durƙusa kusa da shi na ce, “Koci, ranka ya daɗe, ka dai gani da idonka. Da kai ne, yaya za ka yi da su?”

Ya ce, “Da na fara koyon abin da suke faɗa, don rabin maganarsu ban ji ba. Kuma sun fi ku hannu, kada ka ruɗi kanka. Ku ina riƙe da gurbinku a ƙungiya da ɗakin kwananku, dole ku bi ni. Waɗannan me ka riƙe musu? Son abin ne kawai ya fito da su cikin wannan zafi. Da ni ne, lallaɓa su zan yi.” Ban gama haɗiye wannan ba ya ce, “Ina naka? An ce mini kana da dogon yaro.”

Na ba shi labari tiryan-tiryan, kuma Allah ya sani da alfahari na bayar. Na ce irin horonsa na yi masa. Ya tambaye ni kwana nawa, na ce wata huɗu. Hannunsa mai lafiya ya damƙi ƙarfen keken. Ya ce, “Ni kwana nawa na yi maka?” Na ce ya kai wata guda. Ya girgiza kai. “Kwana uku. Kai ne ka ji kamar wata. Ban taɓa wuce kwana uku da kowa ba, ina tsoron Allah. Kuma a kwana ukun nan, wa kake tsammani ya turo kyaftin ɗinku yana zama da kai, yana jan ka zuwa cin abinci? Ni kocinka ne kawai, in na juya maka baya kana da uwa da uba a gida. Shi da ka juya masa, wa ka tura masa?”

Ban tura kowa ba. Babu ma wanda zan tura. Na zauna daɓas a ƙasa a gaban yara, kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Koci bai lallashe ni ba. Ya ce wa 'yarsa ta mayar da shi masauki, ya gaji.

Ranar Juma'a da sassafe na kama hanyar Yanbu. Ɗana ya buɗe mini ƙofa, ya sumbaci kaina, ya zaunar da ni a inda ake zaunar da baƙi, ya zuba mini gahawa. Na ba shi haƙuri da duk kalmar da nake da ita, na yi kuka a gabansa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce da Larabci cikin ladabi, ba komai, abin ya wuce. Na tambaye shi ko yana taɓa ƙwallo a can, ya ce ya daina. Na ce ya dawo gida ko hutun mako ya riƙa yi, ya ce aiki ya yi yawa. Da ya yi fushi ya zazzaga mini magana, da na samu inda zan kama. Ya raka ni har mota ya rufe mini ƙofa.

Shekara uku ke nan. Koci ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yaran fili sun watse, don ni ma na daina zuwa. Ɗana yana kira ranar Sallah, mu gaisa minti biyu, ya tambayi lafiyata ya kashe. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba, bai kuma ƙara kwana a gidana ba.

Abin da na koya, na koye shi bayan ya daina yi mini amfani. Kada ka ari bulalar wani don kawai ka taɓa jin zafinta, sai ka tambaye shi sau nawa yake kai ta, da abin da yake shafawa a bayanta. Kuma duk mai ɗa a gida, in yaron ya tsaya a bakin ƙofa yana neman ka da magana, ka amsa masa a ranar. Nawa ya yi wata huɗu yana tsayawa, sannan ya daina.