Ranar da Na Ce Masa Ya Kwanta

Da za a ba ni damar goge rana ɗaya daga shekarun da na yi ina koyarwa, na san wadda zan goge. Wata Laraba ce na doki yaro ɗan shekara tara har fatar bayansa ta fashe, kuma kafin dukan na faɗa masa kalmar da ta fi dukan muni.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Da ƙaramar takardar malanta na fara, da ita na yi ritaya. Da dorina aka koyar da ni, da ita na koyar. A firamarenmu ta unguwar Gwadabawa da ke Jimeta, idan yaro ya gagari malaminsa, ajina ake kawo shi, kuma ina alfahari da hakan.

Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta daga wajen Michika da Madagali, ajina na uku ya cika har yara suna zama a ƙasa, gindin allo. A hutun da ya biyo baya aka tara mu bita. Mai koyar da mu wata matashiya ce 'yar Numan, sa'ar 'yata ta biyu. Ta zo da buhu cike da marafan kwalba, da tsinken tsintsiya, da katin haruffa, da farantan yashi na koyon rubutu. Ta ce kowace safiya a ba yara awa ɗaya, kowa ya zaɓi aikin da ransa yake so, malami ya zauna a gefe ya yi kallo.

Na ce, "Malama, wato gwamnati ta ɗauke ni aiki ne in zauna in yi kallo? To a haɗa mini da talabijin mana."

Aka yi dariya, har da ita.

Ta ce, "Bappa, kallon ya fi duka wuya. Idan ka iya rufe bakinka mako ɗaya, ni zan saya maka goro."

"Dorinar fa?"

"Ka bar ta a gida ta huta. Ita ma ta tsufa."

Ban bar ta a gida ba. Bayan kabad na soke ta.

Da aka koma makaranta na fara bin tsarin, don hedimasta ya ce dole. A cikin yaran da suka gudo akwai wani siriri, goggonsa ce ta kawo shi. Yana jin Hausa, amma ba ya magana. Kullum idan awar zaɓi ta yi, sai ya ɗebi marafai bakwai, ya je lungun aji, ya kifa su a layi ɗaya, ya zauna yana kallonsu har a kaɗa ƙararrawa. Ba ya ƙirgawa, ba ya yarda kowa ya taɓa.

Malamar takan zagayo duk ranar Litinin. Na nuna mata shi na ce, "Ga ɗalibinki can, mako uku yana gadin marafai."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Aiki yake yi. Ni ma ban san wane iri ba. Ka bar shi."

Ranar Larabar nan hedimasta ya ce masu duba makarantu suna tafe, kowane yaro ya iya ƙirga zuwa ɗari. Na shiga aji raina a ɓace. Na tsaya a kan yaron na ce, "Marafan nan nawa ne?" Shiru. Na sake tambaya, shiru. Sai na sa ƙafa na watsar da su.

Ban taɓa ganin yaro ya tashi da irin wannan saurin ba. Ya rungume ƙafata ya kafa mini haƙori a ƙwauri, har jini ya ɓata wandona. Na fizge shi na yar, na zaro dorina daga bayan kabad.

Na ce, "Kwanta."

Haka ake faɗa mana tun muna yara. Ka kwanta rub da ciki a kan benci, a yi maka shida, ka tashi. Yaron ya sandare, idonsa a kan bakina. Na kira manyan yara huɗu, biyu suka riƙe hannuwa, biyu ƙafafu, suka kifa shi a benci. Na fara zuba masa. Bai yi kuka ba. Fitsari ya bi bencin yana ɗiga ƙasa. A ta biyar ko ta shida na ji muryarsa, karo na farko tun zuwansa.

"Na kwanta. Na kwanta, kar ka harba."

Na ji shi sarai. Na ɗauka raini ne, na ƙara ƙarfin hannu. Ban san inda na tsaya ba, sai da rigarsa ta manne da jini, ɗaya daga cikin masu riƙon ya saki ƙafar ya fashe da kuka. Da na waiwaya, yara uku daga cikin waɗanda suka gudo suna ƙarƙashin benci, sun toshe kunnuwa.

Washegari bai zo ba, haka Juma'a. Ranar Litinin malamar ta ji labari wurin yara. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tare keke mai ƙafa uku ta ce, "Bappa, shiga." Muka je wani kangon gini a bayan gari inda yaron da goggonsa suke zaune.

Goggon tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ba ni tabarma ba. A tsaye ta faɗa mini cewa ranar da 'yan bindiga suka shiga garinsu, an fito da mazan gidan ƙofar gida aka ce su kwanta. Su bakwai ne, har da uban yaron da yayyensa biyu. Shi ma ya kwanta a ƙarshen layi. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana harbewa, da aka zo kansa wani ya shure shi ya ce ya tashi ya tafi.

Na ce ina so in gan shi, in roƙi gafara.

Ta ce, "Malam, ba ka gama ba ne?"

Duk da haka ta kira shi. Ya fito daga ɗaki ba riga, bayansa duk shatar dorina. Yana ganina, ba wanda ya ce masa komai, ya kwanta rub da ciki a ƙasa, ya ɗora hannuwa a ƙeya.

Na juya na fita. A cikin keke malamar ta ce, "Litinin ɗin da ta wuce na ga ya ɗaga marfi ɗaya ya juya shi sama. Ya daɗe yana riƙe da shi. Na so in faɗa maka, sai na ce bari ka gani da idonka." Ni da nake cikin ajin kullum ban gani ba, don ban taɓa yin kallon da aka ce in yi ba. Zama kawai nake yi ina jiran ƙararrawa.

Bai ƙara shiga aji ba. An ce sun koma Ngurore wurin wani kawunsa manomi. Na je sau biyu, ban same su ba. Kuma kada in yi ƙarya, ban daina duka a ranar ba. Sai da na ƙara wata biyu, hannuna ya riga ya saba. Kalmar ce dai ban sake iya furtawa ba.

Yanzu na tsufa, ina zaune a gida a cikin Yola. Ɗaliban koyon malanta sukan zo su ce in ba su sirrin riƙe aji. Wannan labarin nake ba su, shi ne kuma na rubuta muku. Idan yaro ya zaɓi wani aiki da ba ku gane ba, ku zauna kusa da shi ku yi shiru, ko da zai kai wata guda. Ku tambayi wanda ya kawo shi daga ina ya fito, me ya gani. Ina roƙonku don Allah, kada ku yi wa ɗan kowa abin da na yi wa yaron nan.