Mutum Arba'in da Bakwai Masu Suna Tizhe Zira

Malam Othniel, maƙwabcinmu a unguwar Gwadabawa ta Jimeta, ya haura saba'in yanzu, kuma tun da na san shi a gajiye yake. Da gajiya yake tashi, da ita yake zuwa coci, ko dariya zai yi sai ya fara sauke numfashi kamar wanda aka ce ya ɗauki buhu. Mutumin Numan ne, dogo, siriri. Shekara talatin da ɗaya ya yi a laburaren wata kwaleji a Yola, kuma aikinsa guda ɗaya ne duk tsawon shekarun nan: rubuta kati. Littafi ya shigo, sai ya ɗauki ɗan farin kati ya rubuta wanda ya wallafa shi, garin da aka buga, shekarar bugu, maganar da ke ciki, da kantar da za a same shi. Ni dai ban taɓa jin ya karanta wani littafi ya wuce shafi na biyu ba, amma ka tashe shi daga barci zai gaya maka inda kowanne yake.

Halin ya bi shi har gida. Matarsa, Mama Zipporah, ta taɓa nuna mini gwangwanin daddawarta, an manna masa takarda: daddawa, kasuwar Jimeta, wurin wance, ranar kaza. Ta ce ta daina faɗa a kai tun haihuwarsu ta uku.

Da kwamfuta ta shigo laburare, aka kwashe durowoyin katinsa aka kai sito, gara ta yi biki. Ya yi ritaya a 2013 da niyyar ya zauna ya huta. Bai samu ba. Shekara na zagayowa mutanen Madagali da Michika da Mubi suka fara kwararowa Yola suna gudun 'yan tada ƙayar baya, wasu a bayan tirela, wasu a ƙafa, da abin da suka iya ɗauka a ka. Coci ta buɗe ƙofa, masallaci ya buɗe, makarantu suka cika, masu gidaje suka ba da zaure da soro. Kowane wuri ya sayi littafin rajista ya ba wani mai iya rubutu. A cocinsu, Othniel aka ba tebur.

Sauran masu rajista suna, ƙaramar hukuma da yawan iyali kawai suke tambaya. Shi kuwa ya sa rula ya ja layuka har bakin shafi. Ƙauyenka? Ƙauyen mahaifiyarka? Sana'a? Da wa ka rabu, a ina? Mutane na tsaye a rana da yara a goye, shi yana ta tambaya. Wani tsoho ya taɓa ce masa, "Malam, shinkafa za ku ba mu ko 'yarka za ka ba ni aure?" Othniel ya ce, "Baba, ƙauyen mahaifiyarka." Layinsa ya fi na kowa jinkiri a duk Jimeta, kuma ya sha zagi da harsuna aƙalla biyar.

A farkon 2015 sai ga Madam Goretti. Haifaffiyar Jimeta ce, mahaifinta na sayar da kayan gyaran mota, Hausarta ta fi tawa gudu. Tana aiki da wata ƙungiyar agaji, kuma tana bincike na digiri na uku a kan yadda za a haɗa bayanan da ke warwatse a wurare daban-daban su zama abu ɗaya a kwamfuta. Ta aro rajista daga wurare goma sha tara, aka buga su cikin na'ura, aka mayar wa masu su. Da yake wasu mutane sun yi rajista a wuri biyu ko uku, sai aka umarci kwamfutar cewa duk inda ta ga suna ɗaya da ƙaramar hukuma ɗaya, ta mai da su mutum ɗaya. Lissafi ya ragu, takarda ta yi kyau, aka tafa mata a taro.

Wata safiya a farkon Maris wata dattijuwa ta zo ta zauna a bencin da ke gaban teburin Othniel, ta tuɓe silifas ta miƙe ƙafafu. Sunanta Kuve, daga Bazza. Ta rabu da mijinta, Tizhe Zira, a kan dutse ranar da suka gudu, a watan Satumba, kuma tun ranar take nemansa.

"Sun ce akwai wani tsoho a nan mai tambayar tsiya," in ji ta. "Kai ne?"

"Ni ne, Mama."

"To tambaye ni. Na gaji da masu ba ni amsa."

Ta ba shi labari. Ta je ofishin ƙungiyar, aka danna kwamfuta, aka ce mata albishir, Tizhe Zira yana sansanin Damare. Ta je, ta tarar da wani saurayi da bai kai sa'ar autanta ba. Ta koma, aka sake dubawa aka ce ai an kuma gan shi a Malkohi. Ta je, wani makaho ne, ya riƙe hannunta ya yi ta kuka yana zaton tasa matar ce. Na uku a Girei, wani mai faci. Sau uku tana wanka ta ɗaura zanenta mai kyau guda ɗaya da ya rage.

"Kwamfutar ta ce duk shi ne," in ji ta. "Malam, shekara arba'in ina dafa wa mutumin nan abinci, daga nan zuwa bakin rijiya sai ya huta sau biyu. Yanzu wai yana gari uku a rana ɗaya?"

Othniel ya ajiye biro. Watannin da ya yi a teburin nan sun koya masa abin da duk ɗan Michika ya sani tun yana goye. A al'adarsu, da jerin haihuwa ake raɗa suna. Ɗan fari namiji Tizhe ne, 'yar fari Kuve, na biyu Zira, na uku Tumba, haka har zuwa ƙasa. Tizhe Zira kuwa ɗan farin mutumin da shi na biyu ne a ɗakinsu. Kowane ƙauye yana da irinsu cike da kasuwa. A gida ba a ruɗewa, domin kowa ya san Tizhe na gidan wane, Tizhe mai jaki, Tizhe na bakin rafi. Duk wannan ne aka baro a can, aka zo Yola da sunan tsirara.

Ya tari keke mai ƙafa uku ya tafi ofishin Goretti. Ya same ta idanu ja, ga kofin shayi ya huce a gefe. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta dafe kai.

"Baba, mutum nawa na haɗiye?"

"Ban sani ba, 'yata. Ke kika ci, ke za ki ji nauyin ciki."

"Kar ka sa ni dariya, abeg. Matsalar metadeta ce."

"Wace ce ita kuma?"

Ta yi masa bayani cewa shi ne bayanin da ke rakiyar bayani: wa ya rubuta, a ina, yaushe, wane ne ainihin wanda ake nufi. In babu shi, ba ka iya haɗa rajistar wani da ta wani ba tare da ka yi ɓarna ba.

Othniel ya ce, "Wato kati."

"Kusan haka, Baba."

"Shekara talatin da ɗaya ina yin wannan abu, ba wanda ya gaya mini yana da suna mai tsada haka."

Abin da ya rage shi ne a koma ga littattafan asali, domin masu bugawa a kwamfuta gurbi uku kawai aka ba su, duk abin da aka rubuta a gefen shafi sun tsallake shi. Littattafan kuwa sun koma wurin masu su, wurare goma sha tara, a cikin zafin Maris na Yola, wanda ko ƙadangare ba ya fita da azahar. Goretti ba ta iya barin ofis. Othniel ya ce zai je, da muryar wanda aka yanke wa hukunci.

Mako uku ya yi yana yawo. Ya yanka kwalayen sukari ya mai da su kati, ya ɗaure da roba. Kowane mai rajista da irin halinsa. Wani fasto da motar da ta kawo mutane yake rubuta su: 'yan tipa ta ranar Talata. Wata nas ciwo take rubutawa kafin suna. Wani malamin makaranta ya jera nasa bisa ajin da suke kwana, har ka ga dattijo mai furfura an rubuta masa aji biyu. A wani wurin ruwa ya taɓa littafin, a wani kuma mai makullin ya tafi jana'iza sai jibi. Da yamma Othniel kan dawo ya zube a kujera ko takalmi bai cire ba, Mama Zipporah na cewa, "Wannan ce ritayar? Da na sani da na bar ka a laburare."

Mama Kuve kuwa kullum da safe tana kan bencin nan. Ba ta tambaya. Takan dubi fuskarsa, ta gane, ta sa silifas ta tafi.

Ya tara Tizhe Zira arba'in da bakwai daga ƙaramar hukumar Michika kaɗai. Goretti ta riƙa karɓar katunan tana raba mutanen da na'ura ta haɗe, ta kuma zauna da masu rajista suka yarda a kan gurabe guda tara da kowa zai riƙa cikawa, har da sunan wanda ya rubuta da ranar rubutu. Wannan ne daga baya ya zama cibiyar bincikenta. Yau tana koyarwa, ana ce mata Dakta, kuma duk Kirsimeti sai ta aiko masa da kaza.

Wuri na goma sha shida shi ne Wuro Hausa, cikin tsohon garin Yola, inda kwamitin wani masallaci ya rarraba baƙi a gidajen unguwa ba tare da tambayar addinin kowa ba. Mai littafin, Malam Zakariya, tsohon ma'aikacin gidan waya ne, da sunan mai masauki yake rubuta mutane, kuma mutum ne mai son ƙarin bayani a gefen shafi. Suna ganin juna suka gane ciwonsu ɗaya. Ya shimfiɗa wa Othniel tabarma, ya kawo ruwan randa.

A shafi na talatin da biyu, ƙarƙashin baƙin gidan wata Hajja, ga Tizhe Zira. A gefe, da ƙananan haruffa: tela, Bazza, shekara kamar sittin da biyar, yana ɗinka wa unguwa da keken Hajja, surutu. A ƙasa kuma da wani biro daban: ya koma gida 18 ga Fabrairu, ya ce zai je neman matarsa.

"Bappa, ka san shi?" in ji Othniel.

"Wa bai san shi ba? Wata huɗu yana gaya mana yadda matarsa ke yin miyar yakuwa. Mu ma mun fara kewarta."

Wata huɗu. Daga Wuro Hausa zuwa bencin da Mama Kuve ke zama, tafiyar keke ce da ba ta kai rabin awa ba.

Washegari ya karanta mata abin da ke gefen shafin kalma bayan kalma. Da ya zo kan surutu sai ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa, bai iya gane ko dariya take ko kuka ba. Ya gaya mata gaskiya cewa takarda ta tsaya a ranar da mutumin ya bar Yola, abin da ya faru a hanya ba wanda ya rubuta. An ce an karya gada, an ce wasu ƙauyukan ba kowa.

"Wannan karon ba zan yi wanka ba," in ji ta. "Haka zan je."

Ya raka ta tashar mota a Jimeta, ya rubuta mata lambar wayarsa, ya tsaya har motar Bazza ta cika ta tashi. Kwana ɗaya, kwana biyar, mako guda, shiru. Ya ci gaba da zuwa wurare ukun da suka rage, don akwai sauran masu neman nasu, amma wayar tana aljihun gaba, yana taɓa ta kamar mai ciwon ƙirji.

Rana ta tara, da hantsi, ta yi ƙara. Muryar Mama Kuve ce daga nesa, iska na kaɗawa.

"Malam, shi ne. Ya rame, amma shi ne."

Kafin ya amsa sai aka fizge wayar, wata murya mai kaushi ta shigo.

"Kai ne ka turo mini ita? Tun da ta sauka ban zauna ba. Wai don me na tafi ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? To na gode, Allah ya saka. Amma ka ji, gidan an ƙone shi, a ƙarƙashin mangwaro muke, ga damina tafe. Wannan kwamfutar taku, tana da kwanon rufi?"

Othniel ya jingina da bango ya lumshe ido.

"Babu, Baba," in ji shi. "Sunaye kawai gare ta."

"To a gaida ta," in ji Tizhe Zira, ya kashe wayar.