Muryar ƙasa ta Malam Bitrus

Ina bakin ƙofar masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon a Faransa, 'yata Saratu ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta yi ba. "Baba, Malam Bitrus ya rasu." Tun ranar ban iya zama wuri ɗaya ba.

Malam Bitrus mutumin Kafanchan ne kamar ni, sai dai shi karatu ya kawo shi Lyon, ni kuwa ɗaukar kaya. Shi ke koyar da mawaƙan cocinmu tsoffin waƙoƙin Latin na zamanin Renaissance, masu murya huɗu. Ranar da na fara kai Saratu koyon waƙa wurinsa na ji su, waɗannan sun fara, waɗancan sun biyo baya, wasu ma ba su buɗe baki ba. Na ja shi gefe, ni mai firamare rabi, na ce, "Malam, mutanenka ba sa farawa tare. Wane ne mai bayarwa, su wa ke amshi?"

Bai yi mini dariya ba. Ya ce, "Yakubu, a nan babu mai amshi. Kowa da hanyarsa, amma gida ɗaya za su."

Haka yake da mutane. Wanda ya yi kuskure ba ya tsawata masa, sai ya matso kusa da shi ya rera a hankali har ya dawo hanya. Yakan ce, "Wanda bai iya jin maƙwabcinsa ba, bai iya waƙa ba." Ni kaɗai na gagare shi. Ya gwada ni sau ɗaya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ajiye wannan murya don kiran tasi."

Matarsa, Mama Rifkatu, ta roƙa a rera waƙar da ya fi so a jana'izarsa, a bar muryar ƙasa, wato mai kaurin nan da yake riƙewa, babu kowa. Saratu ta ƙi cin abinci. "Baba, muryarsa nake jira kafin in shiga. In babu ita, ta ina zan fara?"

Ranar jana'iza, a coci aka fara waƙar. Aka zo gurbinsa, shiru. Saratu ta sunkuyar da kai, ta kasa shiga. Shekaru ina jin baitin nan nasa daga bencin baya, sai kawai na buɗe baki. Abin da ya fito, ko tasi ba za ta tsaya masa ba. Saratu ta ɗago a firgice, ta shiga da ƙarfi don ta rufa wa ubanta asiri, sauran suka bi ta har ƙarshe.

A waje Mama Rifkatu ta kama hannuna tana share hawaye. "Yakubu, da ya ji ka, da ya matso kusa da kai."

Ubangiji ya ji ƙan bawansa Bitrus, ya ba shi hutawa cikin haskensa. Ya riƙe Mama Rifkatu da 'ya'yanta, ya ba mawaƙansa kunnen jin juna yanzu da babu mai matsowa. Amin.