Ruwan da Ke Juyowa Idan Iska Ta Kwanta

Lokacin sanyi, da an idar da sallar Isha, Kaka kan hau da mu saman gidanmu na unguwar Jarwal a Makka, ta hura gawayi ta ɗora shayi. Yanzu gidan babu shi, otal ne a wurin. Mu jikoki mu zagaye wutar, ni kullum a manne da gwiwarta.

"Matsa, uwar tsoro, kin danne mini ƙafa," in ji ta. "To ku buɗe kunne, ga ta nan ta iso."

Labarin da na fi riƙewa na Talatu ne, wata mata da ta taho Makka a ƙafa, ta ratso Sudan da jariri a baya. Ta iso gaɓar Bahar Maliya tana jiran jirgi, a wani mashigi inda teku ke kutsowa cikin ƙasa ta ɗan tsukakken baki. Ita kogi kaɗai ta sani, shi kuwa kogi inda ya sa gaba nan yake tafiya. Da ta ga tun safe ruwan ciki yake shiga, sai ta kwantar da yaron a masaki, ta ɗora a kan ruwa marar zurfi yana lilo, ta juya tana wanki.

"Ba ta san iska ce ke turo shi tana tarawa ba," in ji Kaka. "Ga watan sama kuma, shi ma yana jan ruwan teku. Da yamma iska ta kwanta, ruwa ya ce, to, ni gida zan koma."

Talatu ta waiwayo, masaki ya nufi teku. Ta faɗa ruwa za ta bi shi, sai wata tsohuwa mai ɗinkin komar kamun kifi ta daka mata tsawa: "Ba a bin sa a baya! Ruga ta tudu ki tare shi a bakin!" Ta ruga, ta shiga har ƙirji a inda mashigin ya tsuke, masaki ya zo ya daki cikinta. Yaron ko farkawa bai yi ba.

Sauran yara dariya suka yi. Ni abu ɗaya na ɗauka: teku mugu ne.

Da na haifi Hanan ta fara wayo, duk Juma'ar da maƙwabtanmu na unguwar Rusaifa za su bakin teku sai na hana ta, ta tsaya a taga tana kuka. Ran nan mijina ya ce, "Ummu Hanan, halas mana, ya isa haka. So kike ta tashi kamar ke?" Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce.

Muka je. Wurin mashigi ne, irin na labarin. Na tsaya ina lura, na ga iska na kaɗa mayafina wajen tudu, ciyawar ruwa ma ciki take shiga. Sai na kutsa da abayata, na tsaya ta ɓangaren teku, Hanan na wasa tsakanina da yashi.

"Ke da ba ki iya iyo ba, gadin teku kike?" in ji babanta, yana dariya.

Dab da Magariba iska ta kwanta. Na ji yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafata, ruwa na jan gefen abayata baya. Na ce, "Yalla habibti, taho 'yar lelena, ya isa," na ɗauke ta muka fito, tana ta ba ni labarin wani ƙaramin kifi.

Ashe Kaka ba cewa ta yi a hana yaro ruwa ba, inda uwa za ta tsaya take nuna mana. Tsoron nan har yau bai bar ni ba. Na dai sama masa wurin tsayawa.