Daga Garwa Zuwa Mokolo Neman Kan Giyar Taraktar Baba

Garwa

Ana kiran assalatu na fita daga gida da jaka a kafaɗa, da ƙunshin busasshen kifin tafkin Lagdo da Inna ta cusa mini, da wata ƙusa mai haƙora a aljihu. Wanda bai san mu ba zai ce hauka ne mutum ya rufe rumfar atamfarsa ya kama hanyar Marwa saboda dunƙulen roba da bai fi ƙwan agwagwa ba. To bari ku ji dalili.

Babanmu yana da tsohuwar tarakta ja, wadda ya shigo da ita daga Yola tun ban iya ɗaura wando ba. Da ita ya noma shinkafa a gefen Lagdo har ya aurar da mu duka. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Allah ya tashi kafaɗunsa, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma yatsun hannun dama ba sa rufewa duka. Ranar da ya fara hawa taraktar bayan jinya, sai kan giyar, wato dunƙulen da ake kamawa a saman sandar, ya tarwatse a hannunsa. Notin ciki ya faɗa ciyawa ya ɓace, tsinin ƙarfen ya yage masa tafin hannu. Ya sauko. Sai da muka isa gida ya ce, "Bala, in ruwan farko ya sauka ban sa mata giya da hannuna ba, ka kira masu sayen tsohon ƙarfe."

Baba ba ya magana biyu. Kuma dukanmu mun san ranar da aka ja taraktar nan aka fita da ita, tabarma zai koma, ba zai ƙara tashi ba. Hadari kuwa ya fara haɗuwa ta gabas kowace yamma.

Na karaɗe garejojin Garwa, duk kan da na kawo ya ƙi zama. Usumanu bakanike ne ya gano inda matsalar take. Ya ce, "Kai Bala, motarku fa ƙirar Ingila ce, ta Najeriya ta biyo. Kayan garin nan duk awon Faransa ne, haƙoransu ba za su taɓa cin juna ba." Ya kwance wata ƙusa daga jikin taraktar, ya jera haƙoranta da na sandar giya, suka zo daidai. Ya ce duk kan da ƙusar nan ta shiga cikinsa lafiya, shi ne namu.

Hanyar Marwa

Motar ta cika rana na ɓullowa. Aka matse ni tsakanin wani mai buhun albasa da taga wadda ba ta buɗewa. Shekarun nan ne da aka tsananta bincike a hanyar arewa, ba ka yin nisa sai ka ga igiya a gicciye. Kafin garin Figil jandarmomi, wato jami'an tsaro, suka sauke mu duka, kowa da katinsa a hannu. Wani matashi a cikinsu ya laluba aljihuna ya zaro ƙusar, ya ɗaga ta sama kamar ya kama harsashi.

"Wannan fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, awon kan giya ce."

Ya kalle ni, ya kalli ƙusar. Na dage na yi masa bayani da Faransancina mai ɗingishi, na haɗa da Fillanci, har na kwaikwayi hannun Baba. Babbansu da ke zaune ƙarƙashin bishiya ya fashe da dariya ya ce kakansa ma yana da irin taraktar, a sake ni. Direba ya ce, "Alhaji, don Allah a shinge na gaba ka ce ƙusar gado ce, kada mu kwana a hanya."

Marwa

Bayan azahar muka shiga Marwa. Na hau babur zuwa unguwar Domayo, gidan gwaggona, na ci tuwon dawa da miyar yakuwa, na sha zoɓo mai sanyi, sannan na nufi layin masu kayan mota. Rumfa bayan rumfa, ƙusata tana shiga zagaye ɗaya ta cije. Wani ma cewa ya yi in buga da guduma zai zauna. Na ce ya buga wa tasa motar.

Rana ta yi sanyi, ni ma jikina ya yi sanyi, wallahi har na fara tunanin yadda zan kalli Baba. Sai wani dattijo mai sayar da tsofaffin fitilun mota ya karɓi ƙusar ya juya ta. Ya ce, "Irin wannan motar ɗaya na sani. Tana bayan Mokolo, gidan Baba Daniyel. Ta mutu tuntuni, amma ko wankinta ba ya bari a yi. Gobe Laraba, kasuwar Mokolo ce, mota ba za ta yi wuya ba. In ya kore ka, kada ka ce ni na turo ka."

Mokolo

Da sassafe na shiga motar 'yan kasuwa. Hanya ta yi ta hawa, duwatsu bisa duwatsu, gonaki a jere a jikin tsauni kamar matakala. A bakin kasuwa na ambaci sunan Baba Daniyel, mai babur bai ko tambaye ni kwatance ba. Muka bar kwalta, muka bi wata hanya da ta kusa zubar mini da haƙora.

Daga nesa na hango ta ƙarƙashin tsamiya. Ja ce, irin tamu sak, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaza na kwanci a kan kujerar. Kan giyar kuwa yana nan, baƙi, lafiyarsa lau. 

Baba Daniyel tsoho ne ɗan siriri, da ƙaramin gicciye a wuyansa, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana fita. Tun kafin in gama gaisuwa ya ce, "In ƙarfe ka zo saye, ga hanya nan."

Na ce, "Baba, ba saye na zo ba. Roƙo na zo." Na zauna a kan dutse na ba shi labarin Baba da hannunsa da rantsuwarsa. Ya kalli nasa hannuwan.

Can ya ce, "Taraktar taku har yanzu tana tashi?"

"Bugu ɗaya."

Ya miƙe, ya kori kazar, ya kama kan giyar da hannu biyu. Ya ƙi. Ya ɗiga masa man gyaɗa, muka jira, ya sake murɗawa, sai ga shi yana warwarewa a hankali. Na sa ƙusata, ta shige sumul har ƙarshe. Ban san lokacin da na ce Allahu akbar ba, shi kuma ya ce amin. Na sa hannu a aljihu zan biya, ya daka mini harara. Sai na kwance ƙunshin kifin Inna na ajiye gaban matarsa. Wannan kam ba su mayar ba. Da zan tafi ya ce, "Ka ce wa babanka ya yi noma da ita saboda mu biyu."

Komawa

Na kwana Marwa, washegari na kamo hanya da kan giyar naɗe a hula. Tun daga Figil sama ta haɗe, iska mai ƙamshin ƙasa tana shigowa. Duk shingen da aka tsayar da mu sai in ji kamar in sauka in ruga da ƙafa.

Gona

Da na isa Garwa ban zauna ba, na ɗauki Baba da Inna da Usumanu sai gona. Usumanu ya goge sandar da burushin ƙarfe, ya shafa mai, ya ɗora kan, ya murɗa da hannu har ya zauna daram. Baba ya hau, ya tayar, ya taka kuloci. Ya tura giya gaba, ta shiga. Ya zo jawowa baya, sai hannun ya zame. Ya sake, ya zame. Kan ya yi wa hannunsa ƙanƙanta, yatsun ba sa kaiwa su riƙe shi.

Kaico! Duk mun dage neman irin na da, ba wanda ya tuna hannun ba na da ba ne. Baba ya kashe injin. Ni dai na juya baya, don hawaye sun zo mini.

Inna ce ta yi magana. Ta ce, "Usumanu, abin da ke cikin robar nan shi ne mai amfani, ko?" Ya ce notin ne, ƙwarai. Ta shiga bukkar gona ta fito da taɓaryarta, wadda ta zo da ita gidan Baba tun tana amarya. Ta ɗora kan taɓaryar a tafin hannun Baba, ya cika shi dam, yatsun suka kwanta a kai. Ta ce, "Yanke nan."

Na ce, "Inna, taɓaryarki fa!"

"Tana da wani kan a ɗaya gefen. Yanke."

Na ji zafi lokacin da Usumanu ya fasa kan giyar Baba Daniyel, amma notin ya fito lafiya. Ya yanke kan taɓaryar da zarto, ya huda shi, ya zuba gam, ya dasa notin a ciki, ya soke shi da ƙaramar ƙusa ta gefe don kada ya juya. Da gam ya kama, ya murɗa shi a sandar.

Baba ya sake hawa. Gaba, ta shiga. Ya ja baya, muka ji ƙarar nan da muka sani tun muna yara, giya ta zauna. Ya saukar da garma, ƙasa ta fara kifewa baƙa a bayansa. Bai kai ƙarshen kunya ta biyu ba yayyafi ya fara, ya ƙi saukowa. Da ya zagayo kusa da mu, ruwa na bin gemunsa, ya ɗaga murya ya ce wa Inna, "To, yau dai kin sa ni riƙon taɓarya. Kada ki gaya wa mutanen masallaci."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Usumanu, da gwaggona, da dattijon Marwa mai fitilu da ban ko tambayi sunansa ba. Buhun farko na shinkafar bana Baba ya ware shi da kansa, ya ce na Mokolo ne, kuma tare za mu kai.